Me za mu kira "routing" na imel? Ni dai na tsaya a kan "bi da saƙo"

Jama'a, ina fassara shafin saituna na wata manhajar kula da hulɗa da abokan ciniki, dangin su Salesforce da Zoho da Dynamics 365, sai na cije a kan kalma ɗaya, "routing". Kwana uku ina juya ta. Bari in baje ta a faifai, mai gyara ya gyara.

Ga abin da ake nufi. Kamfani yana da adireshin imel guda wanda kowa ke rubuto wa. Saƙo ya shigo. Tun kafin idon mutum ya sauka a kansa, manhajar ta duba wanda ya aiko, ta duba kan maganar, ta duba ko sunansa na cikin rajista. In ta ga kalmar "rasit", sai ta sa shi a layin masu lissafi. In tsohon abokin ciniki ne, ta kai wa ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinsa. In babu ƙa'idar da ta dace da shi, ya faɗa layin kowa da kowa. Salesforce ma tana da abin da ta raɗa wa suna Email-to-Case, mai mayar da saƙo ya zama ƙorafi mai lamba. Wannan zaɓen hanyar ne muke nema wa suna.

Da farko "turawa" na rubuta. Ban kai la'asar ba na goge. Mun riga mun ba "forward" wannan kalmar, kowa ya san "turo min", kuma aikin hannu ne da mutum ke yi bayan ya karanta. Ga kuma abin dariya: a kan maɓalli, inda ake fara kowace kalma da babban baƙi, sai ta fito "Ƙa'idojin Turawa". Mai karatu zai ɗauka dokokin mutanen Ingila zai tarar a ciki.

Wani malaminmu ya kawo "karkatarwa". Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi kusa, amma kunnen da ya saba da labarai "karkatar da kuɗi" yake ji, da "karkatar da kayan agaji". A cikinta akwai cewa an kauce da abu daga inda ya kamata ya je. Saƙonmu kuwa hanyarsa ta gaskiya aka ɗora shi. A ajiye ta domin ranar da aka rufe wani adireshi aka ce duk abin da ya zo masa ya koma wani, nan ne gurbinta.

'Yar'uwar da ta ce "rarrabawa", kin taɓo wani ɓangare. Akwai saitin da ke raba saƙonni ga ma'aikata bi da bi, wannan ya samu ɗaya, na kusa da shi ya samu na gaba. A nan rarrabawa ta zauna daram. Sai dai tafiyar saƙo ba a bakin manhajar take farawa ba. Tun a waje, sabar mai aikawa, wato kwamfutar da ke fitar da imel ɗinsa, ke tambayar DNS, kundin adireshin intanet, bayanin da ake kira MX na yankin (sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel) ya nuna mata sabar da ke karɓa, sannan SMTP, tsarin aika imel, wanda Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa a 1982, ya ɗauki saƙon ya kai. Wannan ma "routing" ne, kuma ba abin da aka raba a ciki.

Na gwada "biyarwa". Nahawu bai hana ba, ido ne ya hana: a manhajar da ke cike da rasit da bashi, kowa biyan kuɗi zai gani, ko lamba biyar.

Shi ya sa na koma kan "bi da". Mukan ce "ka bi da shi ta nan, can akwai cunkoso". Mukan kuma ce wane ya san yadda ake bi da mutane. Hanya na ciki, dabara na ciki. Kuma tana lanƙwasuwa yadda allo ke so: "Ƙa'idar bi da saƙo", "Bi da shi zuwa layin lissafi", "An bi da saƙo 14", "Ba a bi da wannan ba". Ku karanta su da ƙarfi ku ji ko akwai inda harshe ya yi tuntuɓe.

Akwai kalma ta biyu, "mailbox integration", wato sada akwatin imel da manhajar, ita ba ta wahalar da ni ba. "Jona akwati". Yadda ake jona waya da caja, kowa na nan da kamanninsa amma abu na gudana tsakani. Na ƙi "haɗa akwati" don za a ɗauka akwatuna biyu za a narkar su zama ɗaya.

Bambancin nan ba na ado ba ne. Na taɓa jona akwatin wani ofishi ta POP3, wata hanyar ɗauko imel daga saba, ban kunna saitin barin kwafi a saba ba. Kafin in ankara manhajar ta kwashe komai, mai akwatin ya buɗe wayarsa ya tarar wayam. Wannan kwasa ce, ba jonawa ba. Wani tsarin kuma, IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986, shi ke barin saƙo inda yake, ɓangarorin biyu su riƙa ganin abu ɗaya. Don haka a bayanin da ke ƙarƙashin zaɓin na rubuta "ya kwaso" ga POP3, "ya leƙa" ga IMAP. Tun kuma da Microsoft ta fara rufe shiga da kalmar sirri kaɗai a Exchange Online, tsarinta na imel, a Oktoba 2022, yawanci ta OAuth ake jonawa, inda mai akwati ke ba manhajar izinin shiga ba tare da miƙa mata kalmar sirri ba, maɓallinsa na sa masa "Ba da izini".

Na riga na saka "bi da saƙo" a wurare 23 cikin fayil ɗin. Wadda ta rage min ita ce "bounce", wato sabar mai karɓa ta ƙi saƙo ya koma wa mai aikowa. Na rubuta "saƙo ya dawo", amma bai nuna ƙin karɓa aka yi ba. Malam, ko "an koro saƙo" ta yi zafi da yawa?