Mabul ko giranit a kicin? Waɗanda sunka sani su taimaka

Uwargidan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nike nema don Allah. Gininmu nan Gusau ya kai finishin, maigida ya ce ni in zaɓi dutsen da za a shimfiɗa bisa kabet ɗin kicin da matakalar bene tunda ni ce mai wurin. Ni dai tun da na ga wani farin mabul mai jijiya ruwan toka gidan ƙawata a Kaduna raina ya biya, amma mai aikinmu ya kafe wai giranit za a sa, ni ko gani nike don shi ya fi mishi sauƙin samu ne. Tsakani da Allah mi ne bambancinsu? Yarana huɗu kuma tukunya ba ta sauka gidan nan.

Mai Tayil Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mai aikinki bai cuce ki ba. Mabul dangin farar ƙasa ne, irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, shi ya sa duk abu mai tsami na cin shi, lemun tsami, tsamiya, tumatir, binega, ko minti biyu sunka yi bisa sai ki ga wurin ya dushe kamar an goge ƙyallin da yashi, kuma wanki ba ya maido shi sai an kawo inji an sake folishin. Ga taushi, a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10 mabul na wajen 3, giranit na 6 zuwa 7, wuƙa na kartar mabul amma giranit sai dai shi ya dakushe miki wuƙar. Kuma kar wani ya ruɗe ki da cewa za a shafa mishi sila, wato ruwan nan da ake shafa ma dutse, sila na hana maiƙo da launi shiga cikin dutse ne kawai, ba ya hana tsami cin fuskarshi. In kin matsu da mabul ki kai shi bangon falo ko teburin tsakiya, can zai yi shekaru yana kyau. Na kicin ki ce a ba ki giranit mai kaurin santimita 3, in na 2 ne to a tabbata an yi mishi dakali mai kyau daga ƙasa, musamman wajen sink inda anka yanke rami, nan ya fi tsagewa.

Maman 'Yan Biyu:
Hmm 'yar uwa ni ganau ce ba jiyau ba. Farin mabul na sa a kicin, ko wata uku bai yi ba azumi ya kama, munka dafa zoɓo, jug ɗin ya kwana bisa da ɗan jiƙo a gindinshi, da asuba na ɗaga na iske zobe ja zagaye kamar an buga hatimi, har yau shina nan. Manja kuma ba a magana. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da yarinyar da ke taya ni aiki ta ga tabon ta ce bari ta burge ni, ta ɗauko ruwan wankin bayi ta tsiyaya, wurin ya yi ta kumfa, ya koma fari fat ba ƙyalli ga kaushi kamar dutsen goge ƙafa. Ban ma iya yi mata faɗa ba don ni ma ban san hakan na faruwa ba. Tabon mai dai na samu sauƙinshi, ana kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri kamar kunu, a lafta bisa tabon a rufe da leda a bar shi ya kwana, sai da na yi sau uku kafin ya ja baya. Yanzu sabulun wanke-wanke na ruwa da tsumma mai laushi kawai, soson ƙarfe ko kusa.

Ɗan Kwatarkwashi:
Hajiya ki tuna dutsen niƙan kakanninmu, shekara nawa ana markaɗa tattasai da tumatir bisa bai narke ba? Danginshi ne giranit, irin dutsen da ke tsaye garinmu kina ganinshi daga hanyar Funtuwa. Amma magana biyu. Giranit baƙi wuluk ɗin nan na Indiya mai ƙyalƙyali kamar taurari yana da kyau a shago, sai dai da hunturu ƙura na sauka ki rubuta sunanki da yatsa, ruwan bohol kuma in ya bushe ya bar farin shati, mai ɗigo-ɗigo ruwan toka ya fi rufa asiri. Sai matakala, kar ki yarda a sa mai santsi, yaro ya fito daga alwala da jiƙaƙƙar ƙafa sai dai salati, a sa mai kaushi ko a tsaga layi biyu uku a bakin kowane hawa. Kuma a ja kunnen 'yan daka, turmi ya tsaya tsakar gida.

Mai Tayil Sabon Gari:
Na manta, kafin ki biya ki ce su ba ki ɓallin kowane, ai suna da ragowar yanka zube. Ki ɗiga lemun tsami gefe, manja gefe, ruwa gefe, ki ba shi minti 15 ki goge. Inda ruwa ya bar duhu dutsen na sha ne, sai an shafa sila. Don akwai wani farin da ake sayarwa da sunan giranit alhali mabul ne, lemun tsami ke tona mishi asiri.

Uwargidan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Jiya maigida ya kawo ɓalli uku na gwada, mabul ɗin wajen lemun ya dushe tun ban kai ga gogewa ba, giranit mai ɗigon ruwan toka ko gezau, sai dai manjan ya bar ɗan inuwa kaɗan. Shi za a sa a shafa mishi silan. Mabul ɗin kuma na roƙi a yi mini ƙaramin teburi da shi a falo, maigida ya ce sai an ga abin da ya rage bayan kuɗin fenti.

Maman 'Yan Biyu:
Teburin ma ki nemi faifai ki riƙa ɗora kofi bisa, baƙi ba su san zoɓo na da tsami ba.