Baƙin tabon kumatu: ƙwaya ko ɗaye fata?

Maman Hanifa, Argungu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun ina da cikin autana baƙin tabo ya fito mini a kumatu da goshi. Yaro har an yaye shi, tabon yana nan daram. Likitar fata ta ce melasma ne, in zaɓa: ƙwayar tranexamic acid, ko a shafa mini asid ya ɗaye fatar sama. Wanne ya fi?

Anti Balki, Birnin Kebbi:
Ƙanwata, ni asid na yi, a shagon kwalliya. Kwana 4 fuskata na raɗaɗi kamar an watsa mini barkono, da ta warke sai wurin ya ƙara duhu. Baƙar fata ba ta son a tsokane ta. In za ki yi, hannun likita kawai.

Hauwa'u, Jega:
Ƙwayar ta yi mini aiki, amma sai da na shafe wata 3. Asalinta maganin tsayar da zubar jini ce, shi ya sa likita ya tambaye ni ko jini ya taɓa daskare mini a jijiya, ko ina shan ƙwayar tazarar haihuwa, don ita ma tana iya sa jini ya daskare. Da na daina shafa man kare rana, zafin Maris ya dawo mini da tabon.

Maman Hanifa:
Kash, Anti Hauwa'u, ta tazarar nake sha. Bari in koma asibiti Litinin.