Na wallafa hoton ɗalibata don in nema mata taimako, yanzu hoton ya zame mata abin gori: ina mafita?

Malamar Aji Biyar ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai da iyaye. Ni malamar firamare ce, kuma na zo da wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wanda ni ce na jawo shi da hannuna. A shekarar 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona, makarantarmu ta mayar da darussa ta waya, muna tura aiki da safe, yara su yi su turo mana hotonsa kafin dare. A ajina akwai wata marainiya mai hazaƙa ƙwarai, wadda aikinta ya riƙa zuwa a makare, wani lokaci ma ba ya zuwa sam. Da na bincika sai na gano cewa waya ɗaya ce a gidansu, mahaifiyarta ce take fita da ita wurin aiki tun da sassafe, kuma ko ta dawo ba kullum ake samun kuɗin data ba. Saboda haka yarinyar takan karɓi wayar da daddare ta je ta zauna a jikin katangar wani ofishi da intanet ɗinsa yake kaiwa har waje, ƙaninta na barci a cinyarta, ta sauke aikin ta kwafa a littafi.

Ranar da na gan ta da idona tausayi ya kama ni, na ɗauki hotonta ba tare da na tambaye ta ko mahaifiyarta ba, na sa a shafina da sunanta na farko da ajinta, na roƙi mai hali ya taimaka. Kafin kwana biyu an samu waya da datar watanni. Sai dai hoton ya fita daga hannuna. Mutanen da ba su san uwar ba suka yi ta zaginta, suna cewa wace irin uwa ce za ta bar 'ya mace a titi da dare, wani kuma ya gane ginin daga allon da ke jikinsa ya rubuta sunan unguwar. Na goge hoton a rana ta uku, amma lokacin ya riga ya bazu.

Yanzu yarinyar tana sakandare, kuma 'yan ajinsu sun tono hoton suna kiranta mai barar intanet. Da muka haɗu da mahaifiyarta ba ta ɗaga mini murya ba, abin da kawai ta ce shi ne: "Malama, da 'yarki ce, za ki sa?" Ina son ku gaya mini gaskiya ko abin da na yi kuskure ne duk da cewa ta dalilinsa taimako ya zo, sannan ku nuna mini abin da ya rage da zan iya yi mata a yau.

Jami'ar Kare Yara ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tunda gaskiya kika nema, abin da kika yi kuskure ne, kuma kyakkyawar niyyarki ba ta mayar da shi daidai ba, ko da yake ita ce ta sa nake ganin za ki iya gyara abin da zai gyaru. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta tanadi a sashe na 16 cewa ba za a yi wa yaro kutse a sirrinsa ko iyalinsa ko gidansa ba, kuma ba za a taɓa mutuncinsa ba, sashe na 12 kuma ya ba shi haƙƙin a ji ta bakinsa a duk abin da ya shafe shi. A 2021 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya fitar da bayani na 25, inda ya tabbatar da cewa waɗannan haƙƙoƙi suna bin yaro har cikin intanet. Talauci ba ya rage wa yaro ko ɗaya daga cikinsu, amma a aikace yaran talakawa da marayu da 'yan gudun hijira su ne aka fi ɗaukar hotonsu ba izini, domin kowa ya san iyayensu ba su da bakin da za su hana.

Abin da ya fi ci mini rai a labarinki shi ne zagin da uwar ta sha. A lokacin da rufe makarantu ya kai ƙololuwa a watan Afrilun 2020, ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi ne suke zaune a gida a ƙasashe kusan 190, kuma a watan Agustan shekarar UNICEF ta bayyana cewa aƙalla yara miliyan 463, wato kashi ɗaya cikin uku na 'yan makaranta a duniya, ba su da hanyar samun darasi daga nesa. Matsalar ta gwamnatoci da makarantu ce da suka tsara karatu bisa zaton kowane gida yana da waya da wuta da data. Hoton ya ɗauke wannan laifi daga kansu ya ɗora shi a kan mace ɗaya, domin mai kallo ba ya ganin tsarin da ya gaza, yarinya kawai yake gani a bakin titi, sai ya tambayi ina uwarta take. Uwar kuwa tana can tana neman abin da za su rayu da shi, kuma ita ce ta sadaukar da wayarta kowane dare.

Uban Yara Uku ya amsa:

Malama, ina girmama abin da 'yar'uwa jami'a ta faɗa, amma ban yarda a ɗora miki laifin duka ba. Waɗannan alƙaluma na miliyoyi an buga su an sake bugawa, kuma ban taɓa jin wanda ya karanta su ya ciro waya ya ba wani yaro ba, alhali hotonki ya samar da ita cikin kwana biyu. A watan Agustan 2020 an yi ta yaɗa hoton wasu 'yan mata biyu a jihar Kaliforniya ta Amurka, suna zaune a ƙasa a wajen wani gidan abinci da kwamfutocinsu don su samu intanet ɗinsa, kuma bayan hoton ne hukumar makarantunsu ta ba iyalin na'urar intanet, jama'a kuma suka tara musu fiye da dala dubu 100. Mutum yana taimakon fuskar da ya gani, kuma malamin da ya ga ɗalibinsa yana nutsewa ba koyaushe yake da lokacin bin ƙa'ida ba.

Akwai tozarcin da ya fi naki muni, wanda babu wanda ya amfana da shi, kuma ni na ɗanɗana shi. A makarantar yarana, a lokacin annobar, duk ƙarshen mako akan jera sunayen waɗanda ba su turo aiki ba a zauren iyaye na waya, inda mutum fiye da ɗari yake gani, kuma sunan babban ɗana bai taɓa fita daga jerin ba, domin na rasa aikina a kullen korona, su uku suna karɓa-karɓa da waya ɗaya. Daga baya aka ce dole kowane yaro ya kunna kyamara a darasin bidiyo, wanda hakan yake nufin dukan ajin su ga cewa ɗaki ɗaya muke kwana. Yaron ya gwammace a rubuta shi bai zo ba a kan a ga ɗakinmu, malaminsa kuma ya ɗauka lalaci ne. Har yau ban ga ya dawo da ƙwazon da yake da shi kafin annobar ba.

Mai Aikin Tsaron Bayanai ya amsa:

Malama, zan taƙaita a kan tambayarki ta biyu. Ki sani tun farko cewa ba za a iya share hoton daga duniya baki ɗaya ba, domin magana zarar bunu ce, kuma duk wanda ya adana shi a wayarsa ya riga ya mallaki kwafinsa. Abin da ake iya yi shi ne a sa gano shi ya yi wuya. Ki fara da neman izinin mahaifiyar da na yarinyar, sannan ku yi bincike da hoton kansa a manhajar bincike, ba da suna kaɗai ba, ku rubuta adireshin duk shafin da ya bayyana. Tun 2021 kamfanin Google ya buɗe hanyar da wanda bai kai shekara 18 ba, ko iyayensa, za su nemi a cire hotonsa daga sakamakon bincike. Wannan ba ya goge shi daga shafin da yake, don haka sai an bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, kuma manyan kafofin sada zumunta suna da fom na kai ƙorafin keta sirrin ƙaramin yaro, wanda ya fi ƙarfi idan uwa ce ta cike shi. Ke kuma kina da wata dama da uwar ba ta da ita, domin ke kika ɗauki hoton, saboda haka kina iya neman a sauke shi a matsayinki na mai haƙƙin mallakarsa. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar kare bayanai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa a sashe na 17, kuma ƙasashe da dama sun yi dokoki masu kama da ita, don haka ku duba wadda take aiki a inda kuke.

Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne fitowa fili ki ba da haƙuri a shafinki. Na san zuciyarki za ta so hakan, amma duk wanda bai ga hoton ba zai tafi nemansa, sai garin neman gira a rasa ido. Haƙurin nasu ne su biyu, kuma a cikin ɗaki ya kamata a ba da shi.

Ina ƙara tunatar da malamai cewa hoto ba shi kaɗai ba ne ya fita daga hannun yara a wancan lokaci. A watan Mayun 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu fiye da 160 da gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince da su lokacin annobar, ta gano cewa kashi 89 cikin 100 suna sa ido ko suna iya sa ido a kan yara, galibi ba da sanin iyaye ba. Yaron da yake karatu da wayar aro shi ne ya fi shiga haɗari, domin ba shi da ikon sauya saitinta, ba shi kuma da zaɓin ƙin manhajar da makaranta ta tilasta.

Malamar Masu Buƙata ta Musamman ta amsa:

Malam Uban Yara Uku, na ji zafin abin da aka yi wa ɗanka, kuma da malamin ya kira ka a waya sau ɗaya da ya gane cewa ba lalaci ba ne. Amma ban yarda da kai cewa sai an nuna fuska taimako yake zuwa ba. A watan Mayun 2020 wata alƙaliya a jihar Mishigan ta Amurka ta tura wata yarinya 'yar shekara 15 gidan tsare yara, bisa hujjar cewa rashin yin aikin makaranta ta intanet ya saɓa sharaɗin sakin da aka yi mata a baya, alhali yarinyar tana da larurar rashin iya tattara hankali, kuma tallafin da take samu a aji ya yanke da aka rufe makaranta. Kafar ProPublica ta ba da labarin a watan Yuli ba tare da ta bayyana cikakken sunanta ba, jama'a suka yi zanga-zanga, kuma a ƙarshen watan kotun ɗaukaka ƙara ta ba da umarnin a sake ta. Labarin ya yi aikinsa, sunanta kuma ya tsira.

Da Malama ta rubuta cewa tana da ɗaliba marainiya da take zama a waje da dare don neman intanet, ba hoto ba suna, ina da yaƙinin wayar za ta samu, ko da za a ƙara kwana biyu. Sannan hoto yaro ɗaya yake ceta. Ɗalibaina kurame da makafi, waɗanda darasin rediyo ko na bidiyo marar fassarar hannu bai amfane su da komai ba, babu wanda ya gan su a bakin titi, domin suna cikin gida shiru. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa yara 'yan shekara goma da ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita sun tashi daga kashi 57 zuwa kashi 70 cikin 100, kuma mafi yawansu ba su da hoton da zai ba kowa tausayi.

Malamar Aji Biyar ta sake rubutawa:

Na gode muku duka. Jiya na je gidansu na ba mahaifiyar haƙuri, sannan na ba yarinyar nata daban, domin ita ce ban tambaya ba tun farko. Mun yi binciken tare mun samu hoton a shafuka shida, uwar ta cike fom a kan huɗu daga cikinsu, ni kuma na rubuta wa masu sauran biyun. Na so in je makarantarsu in yi magana da shugabar a kan masu yi mata gori, amma yarinyar ta ce in dakata, tana tsoron kada abin ya ƙara girma, kuma ta fi son a fara gaya wa malamar ajinsu ita kaɗai. Na ce mata yadda ta zaɓa haka za a yi, kuma ranar Litinin za mu je tare da mahaifiyarta.