Wayar Teku Ta Tsinke, Ciniki Ya Tsaya a Farin Gada

Ɗan Farin Gada:
Jama'a, barkanmu da shan ruwa. Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka tsinke daura da gaɓar Kwaddibuwa, sai ga shi tura kuɗi ta waya ya gagari mutane da yawa a nan Jos, inda ko ƙamshin teku ba ma ji. Ga abin da na ce:

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Na zo tambaya ne wajen masu aiki,
Abin nan na teku ya ba ni mamaki,
Waya can ta tsinke, mu nan sai wuya.

Tumatir a kwando yana ta ruɓewa,
Mutum na ta dannawa, babu wucewa,
A bakinmu azumi, ƙishi na matsawa,
Kuɗi ga su banki, ina moriya?

Baba Mai Kuza:
Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri, amma ba zan ɓoye maka ba, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Da can mun faɗa maku kun ƙi ku gane,
Kuɗin da ka damƙa a hannunka shi ne,
Na allon waya ko alama kawai ne,
Ka je ka ci lamba idan ka iya.

A ramin kuza muka samo na kanmu,
A ƙirga a miƙo, ya faɗo hannunmu,
Ba ma jiran teku ta ba mu abinmu,
Haka muka girma cikin lafiya.

'Yar Gangare:
Baba, ina gaisuwa. Ni da na'urar POS nake neman abinci, saboda haka wannan jifa ya same ni, kuma da ladabi zan mayar.

A gafarce ni, Baba, ka tuna bara,
Da sauyin kuɗi ya zo, layi ya fara,
Kuɗin hannu sun ɓuya, sai ga asara,
Wa ya cece ku ran nan in ba waya?

Da sanyin Janairu na gan ka a layi,
Da bargo a kafaɗa, hannu da shayi,
Kana neman tsaba, ana ce ba a yi,
A yau ko kana yi wa lamba tsiya.

Malama ta Rikkos:
Madalla da 'Yar Gangare! Duk wanda ya rayu a garin nan lokacin da aka sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya san cewa wannan baiti bai ƙara gishiri ba ko kaɗan.

Ɗan Katako:
Malama, yabonki ya karkata tun kafin Baba ya ba da amsa. Baitin yana da armashi, amma bai dace a tuna wa dattijo bargonsa a bainar jama'a ba, kuma ɗangon nan nasa da ya ce a je a ci lamba ya fi duk abin da aka rera zuwa yanzu kaifi.

Malamin Aruli:
Kafin rikicin tsaba da lamba ya yi nisa, ina da magana a kan baiti na biyu na mai buɗe zaure. Ya ɗora waƙarsa a kan Mutaƙarab, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙa na aruli (ilimin auna karin waƙa), kuma ɗango uku na farko a kowane baiti gaɓa 12 ne, na huɗu 11, amma ɗangon da ya fara da "A bakinmu azumi" gaɓa 13 ne cif. Duk wanda ya ƙirga zai gani.

Mai Gyaran Waya na Terminus:
Ni tambayar da aka fara yi nake so in amsa, domin har yanzu ba wanda ya taɓa ta. Wayoyi huɗu ne abin ya shafa: WACS da ACE da SAT-3 da MainOne. A zurfin teku kaurin irin wannan waya bai wuce na tiyon ban-ruwa ba, kuma abin da ke cikinta siraran zaren gilashi ne waɗanda haske yake gudu a cikinsu ɗauke da saƙo. Hidimomi da yawa da wayoyinmu suke dogaro da su suna ajiye ne a rumbunan kwamfuta na ƙetare, don haka saƙon da aka danna a Jos yakan bi ta Legas ya shiga ruwa kafin amsa ta dawo. Gyaran kuwa sai jirgin ruwa na musamman ya je wurin, ya ciro bakin wayar daga ƙasan teku a haɗa, abin da yake ɗaukar makonni. Kafin nan ana karkatar da saƙonni zuwa wayoyin da suka tsira, irin su Equiano wadda ta iso Legas a 2022.

Wayoyi huɗu ne suka tsinke a teku,
Kusa da Abijan, ni nake gaya muku,
Jirgin ruwa zai je ya ciro su ya haɗa muku,
Aikin ba na yini ba ne, akwai tafiya.

Malamin Aruli:
Bayanin ya gamsar, Allah ya saka da alheri. Baitin kuwa ya maimaita "muku" har sau biyu a amsa-amo, ɗango na uku kuma ya fi ƙarfin kowane ma'auni.

Baba Mai Kuza:
Na yi jinkiri ne saboda sallar tarawihi. Ɗiyata, na ji saƙonki, ga nawa.

Ɗiyata, kuɗi ba sa ɓuya da kansu,
Umarni aka bayar aka janye su,
Sai Kotun Ƙoli ce ta ce a maido su,
Ki tambayi kowa, batun gaskiya.

Ku masu na'ura a nan kun ci riba,
Muna sayen Naira da Naira, ki duba,
Abin da iyayenmu ba su gani ba,
Dole ne ki rera yabo ga waya.

Ɗan Katako:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya! Hukuncin ranar 3 ga Maris 2023 ne yake nufi, wanda ya ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Malama ta Rikkos, muna jiran madallarki a nan ma.

'Yar Gangare:
Baba, wannan ya yi mini zafi, domin an haɗa ni da waɗanda suka tsuga wa mutane kuɗi, alhali ba a tambaye ni yadda tsabar take zuwa hannuna ba.

Ni ma, Baba, tsabar sayowa nake yi,
Gidan mai da kanti nake bi da layi,
Ka ce in yi kyauta? Ina wanda zai yi?
Haya na jirana, gida ba miya.

Malama ta Rikkos:
Malamin Aruli, ni ban yarda ɗangon azumi ya karye ba. Gaɓoɓi biyu na farkon kalmar marasa nauyi ne, kuma mai rerawa yana ajiye su a gurbin gaɓa ɗaya mai nauyi ba tare da kunne ya ji tuntuɓe ba.

Malamin Aruli:
Malama, wannan musaya ta gaɓa biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi a ma'aunan Kamil da Wafir aka san ta, aruli bai ba Mutaƙarab wannan izini ba. Gyaran ma ba shi da wahala, sai ya ce: "Da yunwa a hanji, ƙishi na matsawa." Gaɓa 12 ke nan, kowace ƙafa a zaune.

Ɗan Farin Gada:
Malam, ina girmama iliminka, amma ban karɓi gyaran ba. Yunwa kowa yana jin ta a kowane wata. Abin da nake faɗa shi ne mutane masu azumi sun tsaya a gaban kwando da kuɗinsu a waya, sun kasa sayen kayan miyar buɗe-baki.

Ka ƙirga gaɓoɓi da yatsu, na yarda,
Ni kunne nake bi, ka riƙe takarda,
Ka zo in rera maka nan Farin Gada,
Mu ga inda ɗangon ya saki hanya.

Malamin Aruli:
Na amsa gayyata. In Allah ya yarda zan zo ranar Asabar bayan la'asar, kuma ina roƙon Malama ta Rikkos da Ɗan Katako su halarta, ɗaya daga kowane ɓangare, ka rera ɗangon sau uku a gabansu ba tare da ka haɗiye harafi ko ɗaya ba.