Suna Na Gudu, Ƙafa Na Ɗingishi

Ɗan Mabera:
Bismilla, yau Neymar nika taɓawa,
Sunansa na gudu, ƙafa na ɗingisawa,
Yuro miliyan 222 Faris tab biya a 2017 wurin ɗaukowa,
Kofin Zakarun Turai ko, sai dai hangowa.

Na-Gawon Nama:
Kai Ɗan Mabera, bakinka ya yi tsawo,
Ko a Giginya ba ka taɓa taka ƙwallo,
Ya wuce Pele a ci ma Birazil, 79 a allo,
Tafi ka ƙirga, in ka gama ka dawo.

Hajiyar Arkilla:
Allah shi ƙara basira, Na-Gawon Nama! Wanga shi ne baiti. Wasu ko sai hayaniya.

Ɗan Mabera:
Hajiya, ke da ƙanenki ne, mun sani. To ga amsa:
Na ƙirga, lissafin Al-Hilal na kawo,
Wasa 7 kacal, ƙwallo guda, sai ciwo,
Ganga na ta zaƙi, mai rawa na kwance,
Santos yak koma a 2025, nan anka bar zance.

Malam Na-Kanwuri:
Ku dakata tukuna. Ɗan Mabera, ɗango na uku a baitinka na fari ya kusa ninka 'yan'uwansa tsawo. Rera shi ka ji in numfashi zai kai ka. Rasit kar rubuta muna. Ga shi kuma yanzu ka faro da "wo" ka ƙare da "ce". Ina amsa-amo?

Ɗan Mabera:
Malam, kuɗin ne sunka yi yawa, ɗango ba shi iya ɗaukarsu.

Malam Na-Kanwuri:
Mai waƙa shi ka auna gaɓa da kari,
Kamin shi tsokani wani cikin gari.

Na-Gawon Nama:
Malam, bar shi da karinsa, ni ga nawa:
Gwiwa ta tsinke a wasan Uruguwai, ba gangan ba,
Ciwo na Allah ne, ba ya zama abin gori ba,
Kai da ka saka riga mai lamba 7 kullum,
Zo mu yi zancen Ronaldonka, in ba tsoro ba.

Malam Na-Kanwuri:
"Kullum" ta fita layi. Kuma "ba" sau uku ai cika ciki ne. Kai ma ba ka tsira ba.

Hajiyar Arkilla:
Haba Malam, na ƙanena kaɗai kag gani? Bari in taya shi:
Ronaldo a Ƙatar 2022 benci anka aje shi,
Gonçalo Ramos yac ci Suwizalan uku a madadinshi,
Maroko taf fid da su, hawaye yab bi shi,
Yuro 2024 ko guda bai ci ba, sai hotunanshi.

Ɗan Mabera:
Hajiya, girmanki nika gani, da na tanka,
Mai ƙwallo sama da 900 ba a kai shi kasuwar yanka,
Ballon d'Or biyar na ɗaki. Na-Gawo, ina na gwaninka?

Baban Runjin Sambo:
Salamu alaikum, ban da caji tun jiya. Wai har yanzu Neymar ne, ko an koma Ronaldo? Ni dai nawa a kan Ahmed Musa ne, biyu a ragar Ajantina 2014, biyu a ta Ayisilan 2018. Ina nan ina ɗaura shi.

Malam Na-Kanwuri:
Ka auna shi kamin ka turo. Ɗan Mabera, baitinka na ƙarshe ɗango uku ne. Ina na huɗu?