Wane fure kuka fi so a lokacin zafi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ni dai idan zafi ya shigo, ziniya ce abar ƙaunata. Ina da ɗan fili jikin bangon yamma, inda rana ke duka tun daga azahar har la'asar sakaliya, amma ita ko a jikinta. Iri kawai nake watsawa, cikin mako guda ta tsiro, bayan wata biyu da 'yan kwanaki ta fara fure: ja, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, har da fari. Abin da ya fi burge ni, idan na yanke furen da ya tsufa, sai rassa biyu su fito daga ƙasan wurin, kowanne da nasa toho. Da hantsi kuwa malam-buɗe-littafi ba ya barin wurin.

Matsalata biyu ce. Bana wani farin abu kamar gari ya hau ganyen, na ƙasa duk sun fara bushewa. Sannan akwai lungu ƙarƙashin bishiya da duk abin da na shuka sai ya yi tsawo, ya rame, ba fure. Me ya dace da wurin? Ku kuma wanne kuka fi so?

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Wannan farin garin cuta ce, kuma ziniya ta yi suna da ita. Cunkoso ke jawo ta, idan iska ba ta ratsa tsakanin tsirrai. Ki rage su, a samu tazarar kamu ɗaya ko fiye, ki tsinke ganyen da ya kamu ki fitar da shi daga lambun. Ban-ruwa kuma a gindi, da safe.

Ni furen kariya nake so, ba na ɓoyewa. Ki dubi gindinta mai kauri, can take ajiye ruwa, shi ya sa lokacin da komai ya yi laushi ita take fitar da furenta mai ja-ja a baki, fari a ciki, wani sa'in ko ganye ɗaya babu a jikinta. Yawan ruwa ne ke kashe ta, saiwar ta ruɓe. A sa mata ƙasa mai yashi, tukunya mai huji, a bari ta bushe sarai kafin a ƙara. Amma ƙaronta dafi ne, da shi mafarauta a sassan Afirka ke shafa wa kibiya, don haka a nisanta ta daga yara da awaki, a wanke hannu bayan an yi mata aski.

Gefen bangon nan naki kuma ki zuba fotulaka, 'yar ƙaramar nan mai ganye kamar allura mai ruwa. Daga Kudancin Amurka ta fito. Da rana take buɗewa, da yamma ta rufe. Ko reshe kika karya kika soka a ƙasa zai kama.

Anti Mai Ganye:
Baba, a gafarce ni, ni ganye na fi so a kan fure. Fure ya yi kwanaki ya zube, ganye kuwa yana nan har ƙarshen zafi.

Maman Biyu, lungun nan naki na koliyas ne. Akwai wata a wurina, tsakiyar ganyen ja ne mai duhu kamar jini, sai ruwan hoda ya bi jijiyoyin, bakin kuma kore shar mai tsaga-tsaga. Babu ganye biyu da zanensu ya zo ɗaya. Ki riƙa tsinke kanta da farce don ta yi rassa ta cika, in ta fito da zangarniyar fure ki cire, don ba shi ake nema ba, rage mata ƙarfi yake. Reshe guda a kofin ruwa, mako ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa, kin samu sabuwa.

Ki haɗa da kaladiyam, mai faffaɗan ganye siffar zuciya. Idan ganyenta ya mutu kada ki tone ki zubar, kwanciya ta yi, dankalinta na nan a ƙasa, zai sake tohowa. Ita ma kada yaro ya kai ta baki, ƙaiƙayi take sa wa.

Ɗan Auta:
Baba, ni ma a taimaka mini. Buganbiliyata ta rufe bango da ganye kore shar, amma fure ko ɗaya. Kullum ina ba ta ruwa da taki.

Baba Mai Lambu:
Ɗana, gatan ne ya yi mata yawa. Takin da sinadarin naitirojin ya yi yawa a ciki ganye yake sa wa. Ka dakatar da shi, ka rage ruwa har sai ka ga ganyen ya ɗan yi laushi sannan ka ba ta. Tana kuma son rana ta aƙalla awa shida. A sabon reshe take fure, saboda haka ka datse dogayen rassan.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe da safe zan rage ziniyar. Anti, koliyas ɗin a tukunya zan sa ko a ƙasa? Saiwar bishiyar ta cika wurin, tana shanye ruwa da wuri.

Anti Mai Ganye:
A tukunya, 'yar'uwa. Ki ɗora ta a kan bulo don kada saiwar bishiyar ta shiga ta hujin, ki riƙa taɓa ƙasar da yatsa kowace safiya. Ita ba kariya ba ce, ba ta jure ƙishi.