Me ya kashe kulob ɗin ƙwallon unguwarmu, rashin fili ko rashin kuɗi?

Tsohon Gola: Salamu alaikum. Jiya na bi ta tsohon filinmu zan je ta'aziyya, wallahi sai da na tsaya na tambayi yaro hanya. Inda nake tsayawa tsakanin sanduna yanzu katangar gidan wani ce, inda ake bugun kwana kuma injin niƙa ne. Ni ina nan a kan bakana: rashin fili ne ya kashe kulob ɗinmu. Ran da aka yanka filin fuloti-fuloti aka fara sauke bulo, ran nan aka yi wa kulob ɗin sutura. Da can ma ai ba mu da ko sisi. Da toka muke jan layi, takalmi uku muke karɓa-karɓa, amma kullum bayan la'asar wurin ba masaka tsinke.

Ma'aji: Wa alaikumus salam. Yaya, ka yi haƙuri, ni na riƙe littafin kuɗi. Kulob ya kwanta ciwo tun ba a taɓa filin ba. Alhajin da ya ɗauke mu shi ke biyan motar zuwa Gidar da Pitowa, shi ke sayen riguna, shi ke biyan rajista. Da Allah Ya karɓi abinsa, wasa biyu a jere muka kasa zuwa don ba kuɗin mai. Dubi Coton Sport a nan Garwa. A 1986 aka kafa ta, mu mun riga ta fara taka leda, amma kamfanin auduga, Sodecoton, na bayanta. A 1997 ta ci gasar ƙasar Kamaru, a 2008 ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka da Al Ahly ta Masar. Albashi ne ya kai ta can, Yaya.

Ɗan Auta: Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Mu da muka taso daga baya, gidan kallo ne ya ɗauke mu. Lokacin da Eto'o ke Barcelona, wa zai bar talabijin ya je ya sha ƙura? Kuma in fili ne, ga babban filin wasa na Roumdé Adjia nan tun 1978, an sake gyara shi don gasar Afirka. A Janairun 2022 ina ciki ranar da Iheanacho na Najeriya ya ci Masar, mutanen Yola da Mubi sun cika gari, har gidanmu mun sauki baƙi. Amma ku je wasan lig yau ku ƙirga kujerun da ba kowa.

Tsohon Gola: Ɗana, Roumdé Adjia filin wa? Ɗauki yaro ba takalmi da ƙwallon tsumma ka kai shi bakin ƙofa ka ga ko za a buɗe masa. Ciyawar nan ban ruwa ake mata ana gadinta, kuma daidai ne a yi hakan. Filin da nake magana shi ne wanda uwa za ta leƙo ta zaure ta ƙwala wa ɗanta kira ya ji. Vincent Aboubakar ya bi ta Coton kafin ya tafi kulob ɗin Valenciennes na Faransa a 2010, na sani. Amma babban kulob zaɓe yake yi cikin yaran da suka riga suka iya. To a ina za su iya?

Sakatare: Akwai abin da ba a faɗa ba. Filin nan ba mu taɓa riƙe masa takarda ba. Da baki lawan ya ba mu, a gaban dattawa, aka shafa fatiha. Sau biyu na kawo maganar a yi masa takardar mallaka, aka ce ai kowa ya san namu ne. Ran da masu awo suka zo da igiyarsu, ba mu da abin nunawa ko ɗaya.

Ma'aji: To ka ji. Takardar nan da me ake yinta? Sefa ake zubewa, ofis-ofis. Da akwai a asusu da mun yi.

Tsohon Gola: A'a, ƙanena. A shekarar nan mun haɗa kuɗin sabbin riguna har kala biyu, kai ka karɓa da hannunka. Kuɗin sun samu, filin ne ba mu ɗauka da muhimmanci ba, har da ni. Bayan rasuwar Alhaji mun yi kaka uku muna bugawa da karo-karo, mai shayi ya ba da nasa, mahauta su ba da nasu. Bayan an sauke bulo ko wata ɗaya ba mu yi ba. Muka koma bakin Binuwai muna atisaye a yashi, damina ta zo ruwa ya kore mu, daga nan kowa ya kama gabansa.

Ma'aji: Kaka ukun nan da bashi muka yi su. Littafin yana nan a akwatina tare da kofin da muka ci a Pitowa, hannunsa ɗaya ya karye. Ranar Juma'a bayan an sauko zan kawo su majalisa, Yaya, ka buɗe shafin da kanka.

Tsohon Gola: Kawo. Sakatare, kai ma ka zo da hoton nan da aka ɗauke mu a gaban raga.